Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Janar-Janar na Rumawa

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan sansani lafiya, dawakai lafiya, 'yan aike lafiya. Na rubuto ne don in ji inda aka kwana. Tun 1982 aka girke ku a bayan ganuwar wani birni, aka ce ku daidaita baki: ko ku afka tare, ko ku janye tare. Yau sama da shekara 40 ke nan, ba ku afka ba, ba ku janye ba, sai aika wa juna manzanni kuke yi, ɗaliban ilimin kwamfuta kuwa suna ta karɓar digirin digirgir a kanku.

Na san ba ku kuka nemi aikin nan ba. Daularku ta faɗi tun 1453, da Sultan Muhammadu Fatih ya ci birnin da muke kira Santambul. Kuna kwance abinku Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease, na cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya, suka tashe ku, suka saka ku a matsayin misali a takardar bincikensu. Ba ma ku aka fara zaɓa ba. Lamport da kansa ya ba da labarin cewa janar-janar na Albaniya ya fara sakawa, don a lokacin ƙasar a rufe take, yana ganin babu mai karantawa balle ya ji haushi. Sai Jack Goldberg ya tuna masa akwai Albaniyawa a ƙasashen waje. Aka duba wanda ba shi da dangin da za su kai ƙara, aka faɗo kanku.

Kuma ba birni ake son ci ba. Hukumar NASA ce ta ɗauki nauyin wani aiki mai suna SIFT, na haɗa kwamfutoci da yawa su tuƙa jirgin sama, yadda in ɗaya ta lalace sauran za su riƙe. Da suka zauna sai suka gane lalacewa iri-iri ce. Kwamfutar da ta mutu murus, ni a wurina mutuniyar kirki ce: ta yi shiru, kowa ya san ta yi shiru, a cire ta a ci gaba. Abar tsoro ita ce mai baki biyu, wadda za ta faɗa wa ta dama jirgi yana hawa, ta faɗa wa ta hagu yana sauka, kuma fitilarta kore shar. Ita ce maci amanar da ke cikinku. Da ɗan gari akan ci gari.

Lissafin da suka yi muku bai yi mini daɗi ba, amma ban iya ƙaryata shi ba. In ku uku ne, ɗaya munafuki, kuma saƙon baki kuke aikawa, an gama da ku. Kwamanda ya ce wa mutumin kirki a afka, na ukun ya zo ya ce ni kuwa cewa ya yi a janye. To wa ke ƙarya? Kwamandan ne ya faɗi magana biyu, ko na ukun ne ya juya zance? Daga inda bawan Allah yake tsaye, duka biyun kamanninsu ɗaya. Sai kun kai huɗu kafin ku iya jure munafuki ɗaya, bakwai don biyu, goma don uku. Wato dole masu gaskiya su haura kashi biyu cikin uku. Ku dubi kuɗin abinci kawai: a ciyar da janar huɗu don a samu shawarar mutum ɗaya!

Shekaru da dama ana ganin tsadarku ta yi yawa, sai a jirgin sama da makamantansa. A 1999 Miguel Castro da Barbara Liskov na jami'ar MIT suka nuna hanyar da za a yi amfani da ku a aikin yau da kullum ba tare da na'ura ta yi nauyin jiki ba. Da Bitcoin ya zo kuwa, kowane mai tallan kuɗin intanet ya riƙa ambaton sunanku kamar tare kuka yi yaƙi. Wannan ku yafe musu.

Wanda ya ce ku tatsuniya ne, ya tambayi Amazon. Ran 20 ga Yuli 2008 rumbun ajiyarsu na S3 ya tsaya na sa'o'i. Kwamfutocinsu suna da al'adar gulma, kowace tana tsegunta wa maƙwabciyarta halin da sauran suke ciki. Sai wasu 'yan saƙonni suka gurɓace da ɗigo ɗaya tak, kuma ba a tanadi mai tantance irin wannan saƙon ba. Labarin ƙarya ya bazu, na'urori suka bar aiki suka koma gulma zalla, har sai da injiniyoyi suka rufe bakin kowa, suka share abin da aka ji, aka fara daga farko. Babu maƙiyi, babu ɗan kutse.

Ga ƙorafina na gaskiya. Duk lissafinku ya ginu ne a kan cewa masu kuskure tsiraru ne. To yaya ke nan in duk janar-janar ɗin malami ɗaya ya karantar da su, daga littafi ɗaya mai kuskure a shafi ɗaya? Ƙuri'a za ta fito babu hamayya, kuma a kan ɓata. Kamfanoni suna sayen na'ura huɗu su zuba musu manhaja iri ɗaya, su ce sun yi tanadi. Ran 19 ga Yuli 2024 sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta kwantar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Ba ƙarya suka yi ba, suma suka yi, amma tare, har jirage suka kasa tashi. Mai gadi ne ya kawo ciwon.

Masu kumbon Amurka sun hango wannan tun da wuri. Kwamfuta biyar suka sa: huɗu da manhajar IBM suna duba juna, ta biyar da wata manhaja dabam da kamfanin Rockwell ya rubuta, don kada kuskuren malami ya cinye aji duka. Dabara ce mai kyau. Sai dai ran 10 ga Afrilu 1981, da aka zo tashin farko na wannan kumbon, ta biyar ta kasa daidaita lokaci da 'yan'uwanta, aka ɗage tafiya zuwa ran 12. Tun ba a ga abokin gaba ba, rundunar tsaro ta fara rikici da kanta.

Don haka ina roƙo, in Allah ya sa wata rana kun yanke shawara, ku sanar da ni. Amma kada ku turo ɗan aike da saƙon baki. Su Lamport sun nuna cewa in akwai sa hannun da ba a iya kwaikwaya, munafuki ba ya iya juya maganar wani, ko da ku uku ne kawai. Ku rubuta, kowa ya sa hannu, kuma don Allah kada magatakarda ɗaya ya rubuta muku duka.

Naku mai jiran amsa,
Wani talakan intanet