Hazon Wasu Mutane

Filin jirgin saman San Faransisko a Amurka, Allah ya jarrabe shi da hazo. Titunan saukarsa biyu a jere suke, ƙafa 750 kacal tsakaninsu. A da, in gari ya waye garau, jirage kan sauka bibbiyu, wajen 60 a awa guda. In gajimare ya taso daga teku ya lulluɓe gari, matuƙi ba ya hango ɗan'uwansa, sai a koma ɗaya bayan ɗaya, abin ya dawo wajen 30.

Hukumar FAA mai kula da sararin samaniyarsu tana da dabara: a tsare jirgi a garin da zai taso, a yanka masa lokacin sauka, don gara jira a ƙasa da shawagi ana ƙona mai. Dabarar ta kankama ne bayan yajin aikin 1981, da Shugaba Reagan ya kori masu ba jirage hannu fiye da 11,000, 'yan da suka rage ba su da halin tara jirage a sama.

To, ga wata safiya ta hazo a farkon shekarun 1990. Ma'aikacin wani kamfani yana zaune a ofishinsa, ya san sarai jirginsu ɗaya ya sami matsalar inji, biyu kuma an soke tafiyarsu tun asuba. Waya tana gabansa. Bai taɓa ta ba. Ba mugu ba ne, lissafi ya yi. In ya ce jirginsa zai makara da awa guda, hukuma za ta mai da shi baya, sannan ta ɗora masa jinkirin hazo a kan nasa. In ya ce ya soke tafiya, gurbin nasa abokin hamayya za a ba. Duk direban da ya san in ya ce tayarsa ta yi faci za a cire shi daga layi a tasha, ai shiru zai yi har fasinja su cika.

A can cibiyar hukuma kuwa, jami'i yana ta raba gurabe da jadawalin da aka buga tun makonni, yana keɓe wa jiragen da ko injinsu ba a tayar ba. Lokaci ya yi, titi ya zauna wayam, ga wasu jirage cike da mutane an tsare su a Denver da Chicago suna jiran wannan titin. Jami'i ya ce kamfanoni maƙaryata ne. Kamfanoni suka ce hukuma ba ta san aikinta ba. Mai hasashen yanayi yana da nasa ƙiyasin na lokacin da hazo zai yaye, shi ma yana nasa ɗakin. Fasinja kuwa abin da ya ji ta lasifika shi ne a ƙara haƙuri.

Kada wani ya tsargu, labarin Amurka nake bayarwa. Mu nan ina ruwanmu? Tun Nuwamban 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, hazon hunturu kuma bai taɓa saɓa alkawarin zuwa ba, shekara ɗari ta ishi kowa sanin lokacinsa. Ga mu da hukumar filaye, da ta sarari, da ta yanayi, da mai sa ido a kansu, kowace da shugabanta da jerin motocinsa. Yaya za a yi mutane masu yawa haka a ce ba sa magana da juna? Mai kaza a aljihu ne kaɗai ba ya jimirin as.

A 1993 mutanen can suka gwada wani abu mai sauƙi: kamfanoni su riƙa aika wa hukuma halin da jiragensu ke ciki a kai a kai, a ga ko jinkiri zai ragu. Aka ga zai ragu. Amma kowa ya san ba wanda zai ɗore da faɗin gaskiyar da ke cutar da shi, kuma a nan ne, a ganina, suka yi abin a yaba: ba su tara ma'aikata sun yi musu lacca kan riƙon amana ba, ƙa'idar rabon suka gyara. Aka ce daga yau gurbi na wanda jadawali ya ba tun farko ne, faɗin cewa ka makara ba zai sa a ƙwace maka ba. In ka soke tafiya, kana iya sa wani jirginka a gurbin. In ba ka da wanda zai kai, a matso da jirgin wani, kai kuma a biya ka da gurbin da ya bari. Aka fara aiki da wannan a San Faransisko da Newark a 1998, kafin shekarar ta ƙare ya game ƙasar. Ma'aikacin nan namu ya zama shi ke gaggawar kai rahoto, tunda yanzu ribarsa ke nan.

Turai ta shigar da abin har cikin fili. Munich ce ta fara a 2007: mai lodin kaya da kamfani da hasumiya duk lokaci ɗaya suke dubawa, wato mintin da jirgi zai shirya barin mazauninsa.

Hazon San Faransisko yana nan, bai je ko'ina ba. Sai dai yanzu duk bayan awa biyu cibiyar hukuma da ke jihar Virginia takan haɗa kamfanoni da masu ba jirage hannu a layi ɗaya, a baje hasashen yanayi, a tsai da shawara kafin a ajiye waya. Wanda ke bakin aiki shi ke magana da yawun ofishinsa, ba a ɗage zaman don a jira Oga ya dawo daga taro.