Jif Biyu, Soket Ɗaya: Jagoran Alhaji Wajen Zaɓen Motar Lantarki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har masu hannu da shuni sun koyi karanta allon gidan mai kafin su shiga. To Alhaji, in ka ƙudurta rabuwa da 'yan bumburutu, ga jif biyu a gabanka. Akwai Hyundai Kona Electric 'yar Koriya ta Kudu, tsohon samfuri mai baturin kWh 64, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a 2020. Akwai kuma BYD Atto 3 'yar ƙasar Sin, mai baturin kWh 60 da ɗoriya. Ga yadda za ka zaɓa ba tare da dillali ya zaɓa maka ba.

Na farko: ka je ka gaida transfoma

Kafin ka taka shagon mota, ranka ya daɗe, zaga ka duba lafiyar transfomar unguwarku, domin ita ce gidan manka daga yau. In kana rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, madalla. Cajar bango mai kilowat 7 za ta cika kowacce cikin motocin a awa tara zuwa goma, wato daga bayan isha'i zuwa hantsi. A farashin da aka yanka a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, cikon baturi bai kai naira 15,000 ba. In kuwa soket ɗin firji za ka dogara da shi, ka ware fiye da kwana guda, da sharaɗin NEPA ba ta ƙifta ido ba. Mai tunanin ƙaramin janareto kuma ya shirya kwana uku yana ɗura masa fetur ɗin da ya ce ya yi hannun riga da shi.

Na biyu: ka rage wa takarda kunya

A gwajin Turai, Kona na cin kilomita kusan 480 a caji ɗaya, Atto 3 kuma 420. Gaskiya ne, sai dai an yi gwajin a ɗaki mai sanyin daɗi, ba iyakwandishan, ba buhun shinkafa, ba surukarka da kayan sunanta. Kai kuwa a watan Afrilu za ka tuƙa, sanyi a ƙure, ƙafa a kan totur. Motar lantarki ta fi son cunkoson gari, inda kowane birki ke mayar wa baturi ɗan abin da ya samu. Gudu a babban titi shi ke zuƙe ta. Saboda haka ka zabge kashi ɗaya cikin huɗu na lambar, ka yi lissafi da saura. Kano zuwa Kaduna kowacce za ta kai ka da canji. Kano zuwa Abuja a numfashi ɗaya kuwa, Kona za ta fi kusantar gari kafin ku fara turi.

Tashoshin caji akwai su. A 2021 hukumar NADDC, a zamanin Jelani Aliyu, ta buɗe mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Albishir ne babba, musamman ga wanda motarsa ta mutu a Sakkwato.

Na uku: kada ka tambayi dawakai

Dillali zai rage murya ya ce maka tasa na da ƙarfin doki 204. Ka gyaɗa kai, domin ɗayar ma 204 ne. Dukansu tayoyin gaba ke jansu, dukansu tsakaninsu da ƙasa bai kai santimita 20 ba, baturin kuma a ƙarƙashin ciki yake kwance. Sunan jif gare su, amma ba na tsallake rafi da damina ba ne. Inda suka bambanta shi ne but: Atto 3 na ɗaukar lita 440, tsohon samfurin Kona 332. Ka je da babbar kular Hajiya ka gwada, gani ya kori ji. Sannan ka sa wanda ya fi kowa tsawo a gidan ya zauna a baya. In gwiwarsa ta yi ƙorafi, Atto 3 ta ci wannan zagayen. Ka kuma ɗaga shimfiɗar but ka nemi safaya. A yawancin kasuwanni gam da famfo kawai ake bayarwa, alhali ƙusoshin titunanmu ba su san da wannan tsarin ba.

Na huɗu: ka binciki asalin baturi

Motar lantarki baturi ce da aka yi wa kujeru, don haka a nan za ka yi binciken da ake yi kafin a kai sadaki. BYD da baturi ta fara sana'a a Shenzhen a 1995, mota daga baya ta zo. Baturin Atto 3 nau'in LFP ne, ba nikel ba kobalt, yana jure a riƙa cika shi taf. Na Kona yana ɗauke da wuta mai yawa a nauyi kaɗan, amma ya fi son a tsaya a kashi 80 a cajin yau da kullum. In Konar 'yar Kwatano ce, ka tuna a 2021 Hyundai ta janye motocin lantarki kusan 82,000, yawancinsu Kona, don sauya musu baturi saboda haɗarin gobara. Ka nemi takardar da ke nuna an sauya na taka. In dillali ya ce "wallahi Alhaji, mace ce ta hau ta a can," ka ce ka ji, amma takardar fa?

Na biyar: ka leƙa bakin caji

Wannan ɗan murfin ya fi rufin gilashi muhimmanci. Motar da aka yi wa Turai bakinta daban, ta Amurka daban, ta cikin gidan ƙasar Sin daban, inda ake sayar da Atto 3 da sunan Yuan Plus. Araha ba ta ado: wanda ya shigo da mai arha kai-tsaye zai iya isa tashar caji a Abuja, ya tarar da wuta, ya tarar da waya, bakin ya ƙi shiga.

Na shida: ka yi wa bakanikenka ta'aziyya

Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Duk da haka zai buɗe bonet ya ce a kawo sifana. Ka riƙe masa hannu, domin wayoyin nan masu ruwan lemo na ɗauke da wutar kusan bolt 400. Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: in fitila ta fashe ko kwamfutar mota ta rikice, wa zai gyara, a wane gari, kayan kuma wata nawa za su yi a teku? Garantin da sai an kai mota wata nahiya kafin ya yi aiki, adon bango ne.

Na bakwai: ka yi tunanin maƙwabta

Atto 3 na iya ba da wuta waje: firji, fanka, talabijin. Tsohon samfurin Kona ba ya yi. Ka auna da kyau, domin ranar da unguwa ta gano haka, ƙofar gidanka ta zama shagon cajin waya. A ciki kuma allonta na juyawa tsaye ko kwance, aljihun ƙofofinta na da tsirkiya uku masu sauti in an taɓa. Yara za su gano su a ranar farko, kai kuma za ka sha kiɗa har Zariya.

Hukunci

Mai yawan doguwar tafiya shi kaɗai ya karkata ga Kona. Mai iyali da kaya, mai zirga-zirgar cikin gari, ya karkata ga Atto 3. Wanda ke da wakilin gyara kusa da shi a ɗayansu, ya manta da duk abin da na faɗa ya ɗauki wannan. Wanda kuma ba shi da tsayayyiyar wuta, ya fara sayen sola da inbata masu ƙarfi, motar ta biyo baya. Kowacce ka ɗauka, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Sai dai ka riƙa danna oda tun daga nesa, domin awakin unguwa da ƙarar inji suke aiki, kuma ba wanda ya sanar da su an canza tsari.