Shawarma Gurasa Ce Da Ta Yi Boko

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara saba'in da 'yan kai a cikin badala, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ya gan shi yana tauna a bakin titi ba. A zamaninsu in aka ga magidanci zaune a bencin mai tuwo, to ɗayan biyu ne: ko matarsa ta yi yaji, ko shi ya gaza cefane. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, kafin magariba dattijai sun fara shawarar biko. Gwauro da baƙo da ɗan kamasho, su aka yafe wa abincin sayarwa. Sauran maza kuwa, in an idar da isha'i sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, yara su yi ta fitowa da kwanuka, wannan na gidan wane, wancan na gidan wane, a yi ciyayya. A nan ake gane gidan da aka iya daddawa da gidan da ake ƙwauron man shanu, ba tare da kowa ya ce uffan ba. Kwanon da ya koma ciki da sauran tuwo, shi ya faɗi jarrabawa.

Yanzu reshe ya juye da mujiya. Magidancin da bai taɓa kwasar iyali ya kai su gidan abinci ba, shi ne abin tausayi, shi ake yi wa addu'ar Allah Ya buɗa masa. Ashe na daɗe cikin waɗanda ake yi wa addu'ar ban sani ba, sai wata Asabar da uwargida ta miƙo mini waya.

"Malam, dubi nan."

Na duba. Maƙwabciyarmu ce da mijinta da 'ya'yansu a gaban wani tebur, ga faranti ya fi goma, kowa ya washe baki kamar gonar auduga.

"Ita ma fa a lungun nan take," in ji uwargida. "Kwatarmu ɗaya."

"To me ya sami tukunyarsu?"

"Lafiyarta ƙalau. Fita ake yi yanzu, a sha iska."

Na ce in dai iska ce, ga Dala nan tsaye tun kafin zuwan Bagauda, a hau a sha har a gode Allah. Ba ta yi dariya ba. Na san shari'a ta ƙare.

Da muka shiga ɗakin Hajiya sallama, mahaifiyata ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ga yara cikin kayan sallah. Ta tambaya ko suna aka yi. Aka ce a'a, abinci za mu je ci. Ta ɗan yi shiru.

"Gobara aka yi a madafin?"

"A'a Hajiya, zamani ne."

"To. Zan dai rufe muku tuwo."

Uwargida ta ce kada ta wahalar da kanta, ai a ƙoshe za mu dawo. Hajiya ta sake cewa "to", ta ci gaba da jan carbinta.

Fita daga cikin gari ita ma sana'a ce. Waɗanda suka yanka lungunanmu jaki da makara suka auna, mota ba ta cikin lissafinsu. Sai da muka yi jerin gwano, muna tsallake kwata muna tattare riguna, muna gaisawa da duk wanda muka gifta. Kowa kuma sai ya tambaya, "Ina zuwa haka?" Kafin mu kai titi na yi ƙarya sau huɗu, domin bakina ya kasa furta wa sa'annin babana cewa tuwo zan je saye da iyalina. Mutum uku na ce wa dubiya za mu.

A bakin titi muka tsayar da Adaidaita. Ga wanda ya manta, sunan nan na shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo baburan masu ƙafa uku domin mata su huta da hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013 sai suka gaje garin baki ɗaya. Abin dariyar shi ne, a duk Kano babu abin da ya raina sahu kamar Adaidaita Sahu. Direbanmu yaro ne, kunne ɗaya da waya, hannu ɗaya a waje yana kiran fasinja alhali mu shida ne a ciki. Na ce masa ɗauka muka yi gaba ɗaya. Ya ce, "Na sani Baba, sabo ne." Ya kutsa tsakanin mai kurar ruwa da wata tsohuwar mota, tazarar ba ta kai tafin hannu ba, uwargida na salati, yara na shewa. Da muka fice ta Ƙofar Nassarawa, autanmu ya nuna gadar sama ya tambaya ko ita ce ganuwar da ake faɗa musu a makaranta. Na ce a'a, ganuwar ita ce tudun jar ƙasar nan da muke wucewa kullum, wadda kakanni suka fara ginawa shekara ɗari tara da suka wuce, jikoki kuma suke kwasa suna yaɓen gida.

Gidan abincin, ba zan faɗi sunansa ba, yana can unguwar da bishiyoyi suka fi mutane yawa. Sanyi ya doke mu tun daga ƙofa. Wani saurayi da ɗamarar wuya ya ce, "Sannunku da zuwa, Yallaɓai," ya ajiye mini wani littafi mai bango. Na buɗe daga dama, ba don larabci ba, don a nan farashi yake. Na rufe. Na sake buɗewa ko na yi kuskuren ƙirga sifili. Ban yi ba.

Yara suka ce shawarma. Aka kawo ta a naɗe cikin takarda kamar maganin gargajiya. Na karɓi ta auta na warware don in ga abin da zan biya wa kuɗin kwanon shinkafa a kasuwar Rimi. Jama'a, gurasa ce. Gurasa ce siririya da ta sha yunwa, aka shafa mata farin mai, aka tsinka mata kaza da kabeji, aka naɗe ta. Mu da Larabawan Tarabulus suka zauna a cikinmu har suka bar mana Dandalin Turawa da Alfindiki, mu da muke da unguwa sukutum mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa, mu da matan Jakara ke tashi tun asuba suna manna ƙullu a cikin tanderu, yau mu aka zaunar a sanyi ana koya mana cin burodin Larabawa. Da kuɗin guda ɗaya mai bandashe zai yayyafa wa gurasa ruwa, ya barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli, ya kwarara mai, ya yanka albasa da tumatir, gidanmu duka a ci har a aika wa maƙwabta. Bambancin kawai, ita wannan ta yi boko, ta dawo ba ta jin Hausa.

Ni na nemi tuwo, don in tsira da mutuncina. Aka kawo malmala ɗaya a leda, girmanta kamar ƙwan agwagwa, da miyar kuka a wani ɗan kofi, da cokali mai yatsu a gefe. Na nannaɗe hannun riga zan kai loma, babbar 'yata ta riƙe ni.

"Abba tsaya, ba a ɗauka ba."

Ashe akwai sabuwar ƙa'ida kafin bisimilla. Aka jera farantan, aka ari na teburin kusa da ba a kwashe ba don hoton ya cika, aka ce in yi murmushi. Sau bakwai ana ɗauka. Kafin a gama miyar ta yi fata. Daga nan kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana duba wa ya gani, wa bai gani ba. Zaman 'yan marina sosai, sai dai su na Ƙofar Mata ko ba komai suna fitar da shuni. A lokacin na gane farantin maƙwabciyarmu goma ɗin nan, watakila rabinsu aro ne.

Da takardar kuɗi ta zo na karanta ta kamar sammaci. Har ruwan sha yana da layinsa.

Ina shirin cewa mu kama hanyar gida sai uwargida ta zaro kati daga jaka. Ashe fitar tagwaye ce: akwai dinar 'yar ƙawarta a wani zauren biki nan kusa, kuma an ɗauko mawaƙi. Raina ya ɗan yi fari. Ni na tashi ina leƙen kiɗan ƙwarya ta kan katanga, irin na su Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge, mata sun kifa ƙore a ruwa suna duka, waƙa tana fitowa nan take, a yabi mai kyauta, a yi wa marowaciya habaici tana zaune. Na ga kalangu a hannun makaɗan mahauta yana kiran sunan mutum har ya tashi tsaye. Shata, da ya rasu a 1999, ko lasifika ta mutu taro ba ya watsewa.

Mawaƙinmu ya iso wajen ƙarfe goma, da gilashi baƙi, da yara huɗu masu riƙe masa waya. Babu ganga, babu 'yan amshi. Kayan kiɗansa duka ɗan filashi ne da ya ciro daga aljihu ya miƙa wa DJ. Waƙa ta tashi, shi kuma yana motsa baki yana nuna amarya da yatsa. Muryar ta yi daɗi ƙwarai, har lokacin da ya juya yana gaisawa da wani alhaji ba ta daina rerawa ba. Sai wuta ta ɗauke. Kafin a tada janareta, mawaƙi ya tsaya da makirufo a hannu, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wata tsohuwa daga dangin ango ta rangaɗa guɗa ta cike gurbin, ita kaɗai ce ta yi waƙa da bakinta a daren nan.

Jama'a ma ba shi suke kallo ba. Yana gabansu taku uku, amma kowa ya ɗaga waya yana kallonsa a cikinta. Liƙi kuwa, tun 2007 dokar Babban Banki ta hana watsa naira a wurin biki, amma a ƙofar zauren ga masu canjin sababbin takardu nan da jakunkunansu, kana ba su dubu goma su ba ka takwas masu ƙamshi. Wanda ba shi da tsaba an tanadar masa lambar asusu a jikin allo. Sanƙira ya koma mai karanta alat: "Hajiya wance, ya shigo! Allah Ya ƙara arziki!" Wanda nasa ya maƙale a hanya sai ya bi sanƙira da waya yana nuna masa shaida, don kada a tashi ba a kira sunansa ba.

Abincin dinar a roba aka raba, ya ƙare saura tebur biyu a iso kanmu.

Mai Adaidaitan da ya yarda ya dawo da mu ya ninka kuɗi, ya kuma ce ba zai wuce bakin titi ba, wai lungunmu ko akuya sai ta karkace take shiga. Muka taka da fitilar waya, auta a kafaɗata yana barci. Gidan shiru. A ƙofar ɗakin Hajiya ga samira biyu an rufe da faifai, an ɗora dutse saboda kyanwa. Ba wanda ya dubi wani. Uwargida ta cire gyale, ta kunna risho, ta ɗora ɗumame. Muka zauna a tabarma mu shida, hannu shida a kwano ɗaya, miyar kuka da man shanu da yajin daddawa. Babbar 'yata ta ajiye waya a gefe tana ta haske, saƙonni na shigowa: "Masha Allah, kuna jin daɗinku."

Daga cikin ɗaki, a duhu, muka ji muryar Hajiya.

"In kun gama a jiƙa mini kwanukan."