Takardar Sharaɗin Mawaƙa da Halayen Masu Ita

Kafin shahararren mawaƙi ya hau dandamali a Amurka ko Turai, sai an ƙulla yarjejeniya tsakaninsa da mai shirya wasa, a bayanta kuma a liƙa takardar sharuɗɗansa. Kashi biyu ce. Akwai na kayan aiki: lasifika, fitilu, ƙarfin lantarki da nauyin da dandamali zai iya ɗauka. Akwai kuma na karɓar baƙo: abinci, masauki da ɗakin shiri. Da an sa hannu, cika ta ya zama dole, kuma a cikinta ne halin kowa ke fitowa fili.

Wanda ya fi suna shi ne mai ɗana tarko. Ƙungiyar Van Halen, a rangadinta na 1982, ta ba da takarda mai shafi 53, a ciki har da neman alewar M&M's, amma a tsince duk masu ruwan ƙasa. Jama'a suka ce iyayi ne na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Sai a 1997 mawaƙinsu David Lee Roth ya faɗi dalili a littafin tarihin rayuwarsa: da tirela tara ta kaya suke yawo, wasu zaurukan kuwa tsofaffi ne. In ya leƙa kwano ya ga alewa mai ruwan ƙasa, ya san ba a karanta takardar da kyau ba, sai a sake bin wayoyi da ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Akwai dai masu cewa dalilin ya ƙara kyau ne bayan shekara 15.

Sai mai kuɗi hannu. A zamaninsa, Chuck Berry yakan iso shi kaɗai da jitarsa. Makaɗa da amsa-kuwwar Fender, aikin mai gayya ne. Ba ya taɓa tsirkiya sai ya ƙirga kuɗinsa lakadan. Hukumar haraji ma ta iya ƙirge, a 1979 ta kai shi gidan yari. Aretha Franklin ma, a zamaninta, takan hau dandamali da jakarta, ta ajiye ta inda idonta ke kai, ta kuma sa a kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda maƙogwaro. Wanda ya san yadda aka riƙa cinye haƙƙin mawaƙa baƙar fata a Amurka ba zai ga laifinsu ba.

Mai aƙida ba ya ciniki. Paul McCartney bai yarda da nama ko kujerar fata a wurinsa. Morrissey ya zarce: so yake a hana sayar da nama a zauren baki ɗaya, ɗan kallo ya yi haƙuri da dankali.

Mai barkwanci kuwa ya gano cewa ba mai karanta doguwar takarda sai da abin dariya. Ta Iggy Pop da ƙungiyarsa shafi 18 ce, kuma a cikinta an nemi a kawo wanda zai kwaikwayi ɗan barkwanci Bob Hope.

Abin tausayi shi ne sabon shiga. Waƙarsa ɗaya ta yi tashe, ya kwafo takardar wani babba, yana neman fiyano alhali ba mai kaɗa ta a tawagarsa.

A ɓangaren masu shirya wasa akwai Malam Ba-Damuwa, mai sa hannu bai karanta ba, ranar wasa a gan shi yana zufa yana neman tawul fari 24 da ƙarfe 6 na yamma. Kishiyarsa shi ne mai jan biro, wanda ke soke layi bayan layi ya mayar wa manajan mawaƙi, kuma hakan halal ne kafin sa hannu. Shi ne ma ya san abin da sabon shiga bai sani ba: a yarjejeniyar da ake raba riba, kuɗin abinci da abin sha na shiga lissafin ɗawainiya ne kafin rabo. Tuffa da inabin da aka jibge a ɗakin shiri, wani kaso na kuɗinsu daga aljihun mawaƙin ya fito.