Ramin da ba ya gajiya

A jami'o'i da dama na arewacin Nijeriya, kare muhalli aiki ne da ake yi da iya ƙarfi sau ɗaya a shekara, wato ranar 5 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a matsayin Ranar Muhalli ta Duniya. Masana kan kira manufar da sunan ɗorewa, ma'ana a ci moriyar abu yau ba tare da an tauye rabon 'yan baya ba, kuma babu wanda ya riƙe wannan aƙida kamar ramin da ke gaban ofishin shugaban jami'a, domin shi ke karɓar sabon dashen darbejiya kowace shekara ba tare da ƙorafi ba.

Tsarin bikin sananne ne. Akan tayar da janareta domin lasifika ta isar da jawabi kan illar hayaƙi, a raba ruwan leda domin masu sauraro su jure bayanin illar leda, sannan babban baƙo ya naɗe hannun babbar riga, ya riƙe shebur daidai gwargwadon lokacin da mai hoto ke buƙata.

Sauran aikin kuwa na awakin unguwar malamai ne, waɗanda ba sa cikin kwamitin shirya bikin, ba sa karɓar alawus na zama, amma ba su taɓa makara wajen duba aikin ba. Kafin kaka ramin ya koma fanko, kwamiti kuma ya riga ya sa kuɗin dashen baɗi a kasafi.