Tsohon Magogi, Sabon Aiki

A 1869 kamfanin Stanley na Amurka ya sayi haƙƙin ƙirar Leonard Bailey, ya shiga ƙera magogin katako na ƙarfe. Har yau ana tsintarsu a kasuwannin gwanjo, sun yi jawur da tsatsa, kuma akwai masu bin su ruwa a jallo.

Mutum zai sayi magogi lamba 4 da kuɗi kaɗan, ya dawo gida yana murnar ya yi tsintuwa. Daga nan aiki ya tashi. Ya kwance kusoshi, ya goge tsatsa, ya manna sanfefa a kan gilashi yana ta dirzar ƙasan magogin har kafaɗa ta sage. Ruwan wuƙar kuma sai an wasa shi a kusurwar digiri 25, da duwatsun da suka ninka magogin tsada. Gwajin kaifi? Aske gashin hannu. Shi ya sa hannun hagun irin waɗannan mutane yake tas.

In ya gama, sai ya fito da ɓawon katako siriri, ana hango haske ta cikinsa, yana nuna wa baƙi. Ƙofar kicin da maiɗakinsa ke ƙorafin tana cijewa tun bara kuwa, kafintan unguwa aka kira.