Wai a Cocinku Ba a Yi?

Da zarar an ce son duniya ya shiga ikilisiya, sai kowa ya miƙa yatsa tsallaken titi. Ɗan ECWA ya ce ai 'yan Fentikos ne. Ɗan Fentikos ya ce ai waɗancan ne da wutarsu ta daɗe da mutuwa. Ɗan Katolika ya yi murmushi ya ce dukanku yara ne, jiya aka haife ku. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, ku gyara zama, yau kowa zai samu rabonsa.

Bari in fara da kai, Baba Dattijo, tunda na ga kana gyaɗa kai. A wurinka son duniya shi ne wandon mata, da ƙarin gashi, da jan baki, da wannan jita da samari suka shigo da ita ta kori ganga da tulu. Na ji. Har ɗankwali kuka ajiye a bakin ƙofa saboda yarinyar da ta zo kai a buɗe. Amma Baba, ranar da Onarabul ya shigo ana tsakiyar wa'azi, da 'yan sanda biyu a bayansa, wa ya ta da tsohuwa daga kujerar gaba? Wa ya raɗa wa Fasto ya dakata a yi masa maraba? Wa ya miƙa masa makirfo "ya gaisa da jama'a", gaisuwar da ta fi wa'azin tsawo, ta kuma ƙare da sunan jam'iyya?

Yarinya ta yi cikin shege, an sa ta a horo, wata shida tana bencin baya, an hana ta jibin Ubangiji. Shi kuwa ɗan kwangilar da duk gari ya san ya haɗiye kuɗin asibitin ƙauye, shi ne shugaban kwamitin gini. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta yi maganar mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau, a bar matalauci a tsaye. Kusan shekara 2,000 ke nan, amma ka rantse marubucin ya yi sujada da mu makon jiya.

Ga wani can yana cewa, "Malam, wannan duk zancen Legas ne. Mu nan Arewa wa ya ba fastocinmu jirgin sama?" Gaskiyarka, ɗan'uwa. Majami'a mai kujeru 50,000 a Ota take, tun 1999. Da mujallar Forbes ta jera fastocin Nijeriya mafiya arziki a 2011, ba a ga namu na Kagoro ko na Biliri ba. Sai dai rashin jirgi ba tsarki ba ne. Wanda bai sha giya ba don aljihunsa wayam ne, kada ya yi saurin ba da shaida.

Zo mu je lancin ka gani. An kafa rumfuna, zumuntar mata sun sha anko. Mai gabatarwa ya fara daga sama: mai miliyan ya fito, a buga masa ganga, mata su rangaɗa guɗa. Mai dubu ɗari biyar, a tafa masa sau uku. Kafin a gangaro kan gwauruwar da ta ƙulle ɗari biyar a bakin zane, an kashe janareta, manyan baƙi sun shiga ofishin Fasto cin shinkafa. Miliyan ɗin kuwa alkawari ne, ma'aji zai yi ta sintiri har zaɓe ya wuce. Kuɗin gwauruwa ne kaɗai ya shiga akwati a ranar.

Lokacin canjin wurin aiki ma akwai kallo. Abin mamaki, kiran Ubangiji kullum Abuja yake nufa, ko Jos, ko Kaduna. Da wuya ka ji Rabaran ya tashi a taro ya ce an yi masa wahayi ya koma ƙauyen da ba hanyar mota. Zaɓen shugabannin ikilisiya kuwa, a bar kaza cikin gashinta: akwai ɓangare, akwai "namu ne", akwai ambulan mai yawo da dare.

Na ji ki, Mama, kina cewa, "Hassada ce! So kake bawan Allah ya mutu da yagaggen takalmi?" Allah ya kiyaye. Bulus da kansa ya goyi bayan a biya mai wa'azi haƙƙinsa. Ni ma ina a kan haka, musamman mai bisharar ƙauye da ke bin albashin watanni, yana noma da rana, yana wa'azi da fitila. Kuɗi ba ƙazanta ba ne. Da kuɗin masu bi aka gina asibitin Vom, da shi aka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, har yau Musulmi da Kirista na kwanciya a gadajensu. Tambayar ita ce, me ake sayarwa? In an ce addu'ar dubu hamsin ta fi ta dubu biyar saurin isa sama, in an ce man shafewa ƙaramar kwalba kaza, babba kaza, in sai ka cika fom ka biya kafin ka ga annabi, to an bar baiko an shiga ciniki.

Cinikin nan kuwa tsoho ne. Siman mai sihiri ya zaro kuɗi zai sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya fatattake shi. Gehazi ya bi Na'aman a guje ya karɓo azurfa da riguna a bayan idon Elisha, ya tashi da kuturta. A 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a Jamus yana tallar takardun gafara, ana tara kuɗin da wani kaso nasa zai tafi ginin majami'ar Bitrus a Roma. Abin da ya harzuƙa Martin Luther ke nan ya rubuta batutuwansa 95. Yau ga jikokin Luther na ruhaniya suna kiran "shuka iri" da lambar asusu a jikin allo. Tetzel ma da zai dawo, sai ya nemi a koya masa.

Sai kai, ɗan boko, mai cewa zamani ne ya canza, dole ikilisiya ta bi zamani. To, ta bi. A sa fanka, a sa lasifika, a watsa sujada a Facebook, ba wanda ya hana. Amma ka tuna mafarin abin. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasarmu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan asarar ƙungiyar mishan ta SIM ta tsiro, ta haifi ECWA a 1954. 'Yan EYN kuwa sujadarsu ta fari a Garkida, a 1923, a gindin tsamiya aka yi ta. Ba cewa nake a koma gindin bishiya ba, damina ba za ta bari ba. Cewa nake a wancan lokacin, mai shiga wannan hanya ya san zai rasa wani abu. Yanzu ana shiga ne da lissafin abin da za a samu.

Maƙwabcina Alhaji, na hango ka kana dariya ƙasa-ƙasa. Yi abarka, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Onarabul ɗin nan da ya zo mana ranar Lahadi, abokin takararsa a sahun gaba ya yi Juma'a.

Saura kai, mai karatu, da ka ji daɗi an caccaki fastoci. Kada ka tashi tukuna. Ranar Laraba, a nazarin Littafi Mai Tsarki, mutane ba sa cika benci uku. Daren Juma'a kuwa, da aka ce baƙon annabi ya zo zai karya asirin dangin uba, tun ƙarfe shida ka kama wuri, har da hoton wanda kake bi bashi. Fasto ya yi wa'azin tuba, ka yi hamma. Ya ce bana sai ka sayi mota, ka yi tsalle har hularka ta faɗi. Shi ma mutum ne mai iyali, ya ga abin da ke cika kwanon baiko. Ba a kasa kaya inda ba mai saye.

Na san wasu za su zo mini da zancen kada a taɓa shafaffe. Ban taɓa shi ba, littafin ma'aji na nema. Mai son mayar da martani, ƙofa a buɗe take, sai dai ya haɗo da rahoton kuɗin cocinsu na bara, wanda aka karanta a gaban jama'a, ya kuma faɗa mini sunan talaka ɗaya da ke cikin dattawansu. In ya kawo duka biyun, ni zan sayi zakaran gwanjon godiyar girbinsu na bana, ko nawa aka buga shi.